Kurman Kafinta da Hoton Bayan Karensa

Mahaifin matata kafinta ne, kuma duk layinsu Kafinta ake ce masa, har jikokinsa in suna jin tsokana. Ni dai Baba nake kiransa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne. Yatsansa manuni na hagu ba shi da kai, zarto ya ɗauke tun yana saurayi. In aka tambaye shi sai ya ce ai kuɗin makaranta ne ya biya da shi.

Shagonsa doguwar rumfar kwano ce a bakin titi. Daga ciki akwai injin yanka katako da teburin aiki, daga waje kuma filin da ake shanya kujeru da gadaje in an shafa musu fenti. Wajen nan na amininsa ne, wanda kowa ke kira Fenta. Tare suka koyi sana'a a hannun maigida ɗaya, tare suka kama rumfar. Baba ya ƙera, Fenta ya yi fenti, ya loda a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya ya kai wa masu shi. Matata, wadda ita ce autar gidan, ta ce sai da ta yi wayo sosai ta gane Fenta ba ƙanin babanta ba ne na jini. Baffa take ce masa.

Injin nan ne ya cinye kunnuwan Baba. Da farko ƙarar waya ya daina ji, sai sallamar baƙi, daga baya har hon ɗin mota. An saya masa abin sawa a kunne, ya ce fito yake masa a ka, garin katako kuma yana toshe shi, ya jefa a aljihun tebur. Sai ya koyi karanta baki. In ka fuskance shi ka yi magana a natse, zai kama kusan komai. In ka juya kai kuwa, ka fita daga duniyarsa. Surukata, wadda muke kira Mama, takan ce kurumtar tasa ta zaɓe ce, don in aka ce abinci ya sauka ba a maimaitawa. Shi kuma ya ce tun da kunnensa ya mutu bai ƙara faɗa da matarsa ba.

Baba ba mai sha'awar karnuka ba ne. Wani ɗan kwikwiyo ne ja, mai lanƙwasasshen kunne ɗaya, ya maƙale a ƙarƙashin tarin katako, aka kora aka kora ya ƙi tafiya. Ba wanda ya koya masa komai. Shi da kansa ya lura cewa mutumin nan ba ya waiwayowa in an kira shi, sai ya fara zuwa yana zungurar ƙaurinsa da hanci in mai saye ya tsaya a ƙofa. A hanya yakan bi ta gefen motoci, in babur ya taho ta baya ya tura Baba gefe da kafaɗa. A gida in Mama ta ƙwala kira daga kicin, karen ne ke zuwa isar da saƙo. Ma'aikatan shago suka sa masa suna Kunnen Maigida, aka gajarta ya koma Kunne. Baba bai taɓa barin sa ya shiga ɗaki ba, amma ya ƙera masa ɗan gida a tsakar gida, da rufin kwano da ƙofa, wanda matata ta ce ya fi ɗakin da muka fara haya kyau.

Haka suka yi shekaru, har gemun Baba ya yi fari, bakin Kunne ma ya fara furfura.

Wata rana da la'asar Baba ya kashe inji ya juyo, ya ga Kunne kwance a inda ya saba, ƙarƙashin teburin aiki. Ya tafa masa hannu su tafi gida. Karen ya ɗaga kai, ya yunƙura da ƙafafun gaba, na baya suka ƙi bin sa. Yana haki, jikinsa na rawa. Baba ya durƙusa ya duba, babu jini, babu rauni a fili. Ya ɗaga ido ya tambayi mutanen shago ko wani ya ga abin da ya faru. Kowa ya girgiza kai. Fenta ne ya tsuguna a gabansa, ya fuskance shi yadda zai ga bakinsa da kyau, ya ce tsufa ne da sanyin ƙashi, ya taɓa ganin irin haka ga karen wani ɗan'uwansa. A gasa masa baya da ruwan ɗumi, a shafa man zafi, a riƙa miƙar da ƙafafun ana tsayar da shi, kwana kaɗan zai tashi. Shi ya ɗauki karen da hannunsa ya sa a bayan mota ya kai su gida.

Baba mutum ne da in an ba shi aiki ba ya wasa da shi. Safe da yamma yana durƙushe a tsakar gida da tawul da ruwan ɗumi. Ya danna bayan, ya ja ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya zura tsohon zane a ƙarƙashin cikin karen ya ɗaga shi tsaye ya ce ya taka. A kwanakin farko Kunne yana ɗan kaɗa jela in ya gan shi, in an taɓa tafin ƙafarsa yana janyewa. Daga baya jelar ta daina motsi. Fitsari ya fara zubo masa bai sani ba. Fenta kan leƙo da yamma ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce a ƙara haƙuri, ciwon ƙashi ba ya son gaggawa. Mama ta ce haka ne.

Mun je gaishe su ranar hutu. Matata ta tsaya a kan karen ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓa kafaɗar babanta ta ce, "Baba, wannan ba na tawul ba ne. Asibitin dabbobi za mu kai shi."

Mama ta fito daga kicin da sauri. "Ke Auta, ku da yara a gabanku, kare za ku ɗauka zuwa asibiti? Mutane su ce me?"

"Su ce mun kai kare asibiti," in ji matata.

Na lura Mama ta koma ciki ta ɗauki waya, amma ban kawo komai a raina ba. Baba ya kawo wani faffaɗan katako muka kwantar da Kunne a kai, muka sa a kujerar bayan motata.

Asibitin babba ne, da benci a jere da masu jira, wani da kyanwa a kwando, wata da akuya mai ɗaurarriyar ƙafa. Likitar da ta gan mu mace ce siririya mai tabarau. Da matata ta gaya mata Baba ba ya ji sai ya ga baki, nan take ta sauke takunkumin fuskarta, kuma daga lokacin ba ta ƙara yin magana da mu ba sai tana kallonsa. Ta shafa bayan karen da yatsu tun daga wuya, da ta zo tsakiya sai ya yi ƙara ya nemi cizo. Ta ɗauko hantsaki ta matse yatsar ƙafarsa ta baya, ta matse sosai har ni na runtse ido. Kunne ko waiwayowa bai yi ba, yana ta kallon Baba.

"Ya jure," in ji Baba, har da ɗan murmushi. "Jarumi ne."

"Ba juriya ba ce, Baba," ta ce. "Bai san na taɓa shi ba. Saƙon ba ya kai wa ga kansa. Sai mun ga ciki."

Aka fara da hoton ƙashi. Bayan ta duba sai ta ce wannan ƙashi kawai yake nunawa, ita kuma laka take son gani, wato jijiyar nan da ta bi ta cikin ƙashin baya tun daga kai har jela. Don haka sai an sa shi a babbar na'ura. Aka yi wa Kunne allurar barci, aka cire masa abin wuya saboda ƙarfen jikinsa, don na'urar tana jan ƙarfe. Ma'aikacin ya miƙo wa Baba abin wuyan, ya riƙe shi a hannu har muka bar asibitin. Ta wani gilashi muka hango an tura karen cikin wani farin rami mai kama da bakin tanki, an toshe masa kunnuwa da auduga. Na'urar ta fara bugawa kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Baba bai ji ba, amma ya dafa bango ya ce wannan injin ya fi nasa fushi.

Mun daɗe a benci kafin a kira mu. Likitar ta zaunar da Baba kusa da allon kwamfuta, ta juya kujerarta yadda zai ga hoton ya kuma ga bakinta. Ta fara da hoton ƙashin. Gaɓoɓin baya sun jeru kamar bulo, sai guda ɗaya a tsakiya da ya tsage ya goce daga layi. A gefensa haƙarƙari biyu sun karye. Sannan ta buɗe ɗaya hoton. Ta bi wani dogon zare mai ruwan toka da bakin biro, ta ce wannan ita ce lakar, haka ya kamata ta tafi sumul. Da ta zo inda ƙashin ya goce, zaren ya matse ya kusa ɓacewa, daga nan kuma wani farin hazo ya bazu a cikinsa sama da ƙasa, da ɗigo-ɗigon baƙi.

"Farin nan kumburi ne da wurin da ya riga ya mutu. Baƙin kuma jini ne da ya zuba a ciki. Da a wuri ɗaya ya tsaya, da na ce mu gwada aiki. Amma ka ga yadda ya yi tsawo. Ko mun gyara ƙashin, ba zai ƙara taka ƙafafun nan ba."

Baba ya daɗe yana kallon allon. "Tsufa ne ya yi wannan?"

"Tsufa ba ya karya haƙarƙari, Baba. Abu mai nauyi ne ya buge shi ta gefe. Yawanci mota ce. Ba a gaya maka ba?"

Baba ya girgiza kai. Ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa fiye da yadda na taɓa ji, don Baba da ƙarfi yake magana kamar yawancin waɗanda ba sa jin kansu. "Da farko yana kaɗa jela. Ina ja masa ƙafafu, ina tsayar da shi. An ce in yi haka."

Likitar ta cire tabarau ta goge. Na ga tana neman yadda za ta faɗa. "Ba zan rantse maka cewa da ya warke ba. Amma karen da ke kaɗa jela bayan irin wannan bugu yana da dama, in an kwantar da shi bai motsa ba aka kawo shi a ranar. Karyayyen ƙashi in ana motsa shi yana ƙara cin lakar. Kai ba ka san a karye yake ba."

Ta ce zaɓi biyu ne. Ko a yi masa allurar da zai tafi cikin barcinsa, ko a koma da shi a yi jinyar gurgu, a riƙa matse masa mafitsara, a riƙa juya shi don kada ya yi gyambo. Baba ya ce a ba shi karensa.

Da muka isa gida muka shimfiɗe Kunne, Baba ya tsaya a tsakar gida ya kira Mama. Ta fito tana goge hannu da gefen zane, ta ƙi haɗa ido da shi.

"Dube ni," ya ce. "In ba ki dube ni ba ba zan ji ki ba. Motar wa?"

Mama ta zauna a kan turmi ta fara kuka. A hankali maganar ta fito. Ranar nan Kunne yana kwance a inuwar motar Fenta. Fenta ya shiga da sauri zai kai kaya, ya yi baya bai duba ba. Karen ya yi kururuwar da duk layin suka ji, mai shayi da masu faci har suka taso. Baba kuwa yana kan inji, ya ba su baya, taku kaɗan tsakaninsu. Fenta ya ɗauki karen ya lallaɓa ta bayansa ya kwantar a ƙarƙashin tebur, ya roƙi kowa ya yi shiru. Da ya kai su gida ya ja Mama gefe ya gaya mata.

"Na ji tsoron hawan jininka, Malam. Na ji tsoron ku ɓata da shi a kan kare, bayan duk shekarun nan. Ya ce min zai warke."

"A bakin ƙofar nan kuke tsayawa da shi kullum," in ji Baba. "Ina durƙushe a nan. Ina ganin kuna magana kun juya kai, na ɗauka zancen cefane ne."

Matata ta tambayi Mama wa ta kira ɗazu da za mu fita. Mama ta ce Fenta ne.

Washegari Baba ya ce in raka shi shago. Ban so ba, don ba wurin suruki ba ne, amma ya ce yana son wanda zai gaya masa abin da aka faɗa a bayansa. Wannan maganar ta tsaya min a rai. Muka tarar da Fenta yana gauraya fenti a gwangwani. Da ya gan mu ya ajiye sandar ya miƙe. Ma'aikata suka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin gogewa.

"Ɗan'uwa," in ji Fenta, "wallahi tsautsayi ne. Ban gan shi ba."

"Na sani. Wa ya ce ka gan shi? Da ka taɓa kafaɗata a lokacin ka ce na taka Kunne, da tare za mu ɗauke shi. Da ko zagi ba za ka sha ba."

"Kunya ce ta kama ni. Na ce in ya tashi shi ke nan, ba sai ranka ya ɓaci ba."

"Ka tsuguna a gabana, ka gyara min bakinka don in gani da kyau, ka ce in ja masa ƙafa. Ka san bayansa ka taka. Kana zuwa kana kallona ina ƙarasa shi da hannuna."

Fenta ya share zufa. Sai ya faɗi abin da bai kamata ba. Ya ɗan kau da kai wajena, ya ce a hankali, "Ka ba shi haƙuri mana. Kare ne fa."

Baba ya dube ni. "Me ya ce?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya shiga ciki ya tattara zartunansa da gudumomi da abin awo a buhu. Injin kuwa, ya ce ya bar wa ma'aikata, dama ya gama cin abin da zai ci a jikinsa. Da za mu fita ya tsaya ya dubi mai shayi da masu faci da ke tsallaken titi, mutanen da yake gaisawa da su kowace safiya. Duk suka sami wani wurin kallo.

Bai ƙara komawa rumfar ba. Ya kafa tebur a tsakar gida, abu na farko da ya ƙera kuma shi ne ɗan keke mai taya biyu da zai ɗauki ƙafafun bayan Kunne, da tayoyin tsohon keken jikansa da ɗamarar fata. Sai da ya sake shi sau da yawa kafin ya daina goge wa karen cinya. Ranar da Kunne ya fara ja da ƙafafun gaba ya zagaya gidan, ya ture bokitin Mama ya bi kaza, Baba ya yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. Da muka koma da shi asibiti a duba shi, likitar ta ɗauki hoton keken a wayarta don ta nuna wa wasu. Ba a daɗe ba mutane suka fara sallama a ƙofar Baba da guragun karnuka, har da wata tsohuwa da ɗan tunkiyarta. Ya auna, ya ƙera, ya nuna musu yadda ake matse mafitsara. Abu na farko da yake tambayar kowa shi ne ko an ɗauki hoton bayan. In ba a ɗauka ba, ba ya taɓa dabbar, sai ya ce a kwantar da ita a kan katako a tafi asibiti tukuna.

Tsakaninsa da Mama ba a yi rabuwa ba, ba a kuma yi wani zaman sulhu ba. Tana kawo abinci yana ci, yana gode mata. Amma raha ta ragu a gidan, kuma in baƙi suka zo ya daina zama a cikinsu. Ya ce ya gaji da bin bakunan mutane alhali bai san abin da ake faɗa in ya ƙifta ido ba. Mama ce ta koma wanke shimfiɗar Kunne kullum ba tare da an sa ta ba. Baba yana gani, bai hana ba.

Fenta ya turo mutane, ya turo limamin layinsu, ya zo da kansa ya zauna a kan benci a ƙofar gida. Baba yakan fito ya ba shi hannu, ya tambayi iyali, sannan ya koma kan aikinsa. Ya ce ya yafe, don ba ya son ya mutu da riƙo. Zama tare ne ba zai iya ba.

Kunne ya yi shekara da wani abu a kan kekensa, sannan ciwon mafitsara ya kama shi, ƙodarsa ta gaza. Baba ya haƙa rami a bayan gida shi kaɗai, ya ƙi karɓar taimakona. Matata ta yi masa tayin wani kwikwiyo, ya ce shekarunsa sun wuce na fara sabon sabo. Ya kira mai gyaran wuta ya haɗa masa jan ƙwan lantarki a saman teburin aiki, in an danna ƙararrawar ƙofa ya kama.

Da autar Fenta ta tashi aure, Baba ya tuna ya taɓa yi mata alkawarin gado tun tana ƙarama tana wasa da garin katako a shago. Ya ƙera shi da zarton hannu, ya ɗauki makonni yana yi, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Ya yi hayar wata mota daban ta kai, ba fenti a jikinsa, ya ce ubanta ya shafa. Ranar bikin Mama da matata suka tafi. Ni na zauna da shi a tsakar gida ina riƙe masa katako, yana auna ƙafar wani baƙin kare da aka kawo daga nesa.